Hotunan da Yaya Ba Zai Gani Ba

Kwamfutar gidanmu a ɗakin Umma take, a kan teburin keken ɗinki da aka cire wa keken. Tun ina firamare take nan, a lungun da ke tsakanin kwaba da taga, a gidan hayarmu na unguwar Mansur, ba nisa da Harami. Maza ba sa taɓa ta. Ba wanda ya kafa doka, haka muka taso muka gani. Baba in ya shigo ɗakin ba ya kallon wajen, Yaya kuwa daga bakin ƙofa yake tsayawa ya faɗi abin da ya kawo shi. A cikinta hotunan gidanmu suke kaf, tun daga na kyamarar farko da Baba ya saya har waɗanda muke juyewa daga waya in ta cika.

Shekarar da na gama sakandare kwamfutar ta fara ciwon ajali. Sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe, ta ɗau zafi, ta mutu ana tsakiyar kallo. Yaya yana aiki a shagon gyaran waya a unguwar Utaibiyya. Daga bakin ƙofa ya saurari kukanta ya ce ta gama yayi, ya kuma ce manhajar da muke adana hotunan a ciki ma masu ita sun daina kula da ita. Ba a jima ba ya kawo laftof ta hannu, da sabuwar manhaja a ciki, da wata 'yar baƙar ma'ajiya kamar sabulu wadda ake kwasar abu da ita daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

"Ba wuya," in ji shi. "Ki kwashe foldar hotunan gaba ɗaya ki zuba a nan. Ranar Juma'a in na dawo daga masallaci in haɗa ta da net, khalas. Kowa ya gani a wayarsa, ni da Baba da Abla. Ko gidan nan ya ƙone hotuna suna nan."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Umma daga kicin.

Ni ba na son a ce mini gobe. Ranar na yi. Na kwashe, na zuba, sabuwar manhajar ta yi ta haɗiya har na ƙosa na je na yi wanka na dawo. Da ta gama sai ta shimfiɗa mini su duka a jere, daga mafi tsufa zuwa na jiya. Na fara gangarawa ina jin daɗi. Ga Baba a shagonsa na carbi da dadduma. Ga ragon layya a ɗaure a ƙasan bene. Sai ga matan unguwarmu a wajen lalle, kai ba ɗankwali, an sha kitso, wata ta ɗaga hannu sama tana rawa. Daga su sai Baba kuma, yana gaisawa da wani alhaji.

Na rufe laftof ɗin, na sake buɗewa, kamar hakan zai canza wani abu.

A tsohuwar manhajar waɗannan hotuna ba sa fitowa haka kawai. Babbar yayarmu, wadda muke kira Abla, ita ta tsara komai kafin ta yi aure ta koma Madina, kuma sai mutum ya buɗe albam da gangan kafin ya gan su. Yanzu ga su a fili, gauraye da na kowa. In Juma'a ta zo a haka, matan nan za su faɗa wayar Yaya, a shagon da waya ke yawo hannu zuwa hannu tsakanin samari. A ɗakunan biki na garin nan a bakin ƙofa ake karɓe wayoyin mata. Umma kaɗai ake ƙyalewa da kyamara a bukukuwan 'yan unguwa, don an san abin da ta ɗauka ba ya wuce ɗakinta. Shekara da shekaru ke nan ana ba ta wannan amanar.

Amma in faɗi gaskiya, ba tsoro ne ya fara kama ni ba. Tambaya ce. Ina albam ɗin suka tafi? Folda ɗaya ce, ban bar komai a baya ba, na duba na sake dubawa. Ta yaya za a kwashe kayan ɗaki gaba ɗaya a iso sabon gida a tarar babu akwatunan?

Na kira Abla. Tana fama da ɗanta, ina jin kukansa.

"Albam ba wuri ba ne," ta ce. "Hoton bai san albam ɗin da yake ciki ba. Manhajar ce ta sani, ta riƙe a kanta."

"Ban gane ba."

"Ke dai ba kya tsayawa ki gane. Kamar alhazai ne da jagoransu. Shi ya san wa ke tawagar wa. In ya tafi ya bar su, me ya rage?"

"Taron jama'a."

"To taron jama'a kika kwaso. Ki koma tsohuwar, ki fitar da kowane albam daban, ta zuba miki shi a foldarsa. Kuma kar ki bari Umma ta ji kin kusa watsa mata mutane."

Umma ta riga ta ji, don a bayana take tsaye. Sai ta jawo kujera.

Na koma lallashin tsohuwar kwamfutar. Na kwance murfin gefenta, na ja teburin zuwa ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don sanyin ya riƙa dukanta kai tsaye, na ƙara da fanka. In ta yi rabin aiki ta mutu, in jira ta huce, in sake. Da ta ɗan samu lafiya na tsaya na kalli albam ɗin da kyau, abin da ban taɓa yi ba duk tsawon shekarun nan. Ban da na kowa da kowa, guda uku ne aka ɓoye. Ɗaya an rubuta "Namu", wannan a fili yake. Sai "Na Baba" da "Na Yaya". Kullum na ɗauka hotunansu ne a ciki, shi ya sa ban taɓa damuwa in buɗe ba. Wa zai ɓata lokacinsa yana kallon Yaya?

Na buɗe "Na Yaya". Babu shi a ciki ko sau ɗaya. Maƙwabciyarmu ta saman bene ce, wadda muke kira Khala, zaune tana tsefe kai. Sai 'ya'yanta mata su duka, da rigunan zaman gida. Sai ƙanwar Umma lokacin da ta zo Umra daga Kano. Na buɗe "Na Baba". Shi ma babu shi. 'Ya'yan Goggo ne, ƙanwarsa, ranar sunan wata a cikinsu.

"Umma, wannan wane irin shirme Abla ta yi? Me ya kai Khala albam ɗin Yaya?"

"Ba shirme ba ne. Ni na sa ta."

"To ai ba ya ciki."

"Wa ya ce miki na wanda ke ciki ne? Na wanda zai iya gani ne." Ta miƙo hannu ta nuna Khala a fuskar kwamfutar. "Lokacin da na haifi yayanki na yi zazzaɓi mai tsanani, nono ya ɗauke. Ita tana goyo. Ita ta shayar da shi har na warke. Uwarsa ce, 'ya'yanta kuma 'yan'uwansa ne. Babanku kuwa ba abin da ya haɗa shi da su."

"'Ya'yan Goggo fa?"

"Babanku kawunsu ne, zai gani. Yayanki kuwa ɗan kawunsu ne, aure yana halatta, ba zai gani ba. Me ake koya muku a makarantar ne?"

An koya mana, har jarrabawa na rubuta a kai na ci. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne su wa da su wa ne a layinmu. Na san Yaya yana shiga gidan Khala ba sallama mai tsawo, yana cin abinci a kicin ɗinta, amma na ɗauka rashin ta-ido ne irin nasa.

Albam ɗin Abla sun fita lafiya, kowanne a foldarsa. Matsalar ita ce tun da ta yi aure ba wanda ya sake rarraba komai. Ana juyewa ne kawai a bari, tunda bangon ɗakin Umma ya isa tsaro. Waɗannan shekarun duka sai da muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ni da linzami a hannu, ita da faranti a cinya tana tsince shinkafa ko yanka kuɓewa. Bayan la'asar muke farawa, kiran magariba ya tashe mu.

Aikin ya so ya haukata ni. Ni ina so ta ce dama ko hagu mu wuce, ita kuwa kowane hoto da tarihinsa. Wannan ta sha nonon wance lokacin da uwarta take aikin dafa wa alhazai abinci a Mina. Waccan kakarta da kakar Baba uwa ɗaya ta shayar da su tun a hanyar zuwa, lokacin da ake tahowa a ƙasa ta Sudan, amma wannan bai sauko kan jikoki yadda nake zato ba, in daina yi mata katsalandan. Hoto kuma in mata biyar ne a ciki, huɗu muharraman Yaya, ɗaya ba haka ba, ya tafi "Namu". Ko gefen kunnen ta biyar ɗin ne kawai ya fito.

"Umma, wannan kunne ne. Kunne."

"Kunnen wa?"

Sai in yi tsaki in tura shi inda ta ce. Amma ina tsakin ina saurare. Layin da na taso a ciki, da nake ganin ba komai sai gidajen haya da masu tsire da shagon Bangali, ashe a ɗaure yake da igiyoyin da ba a gani. Mutane sun zo daga Kano da Sakkwato da Damagaram, ba dangin kowa a kusa, mata suna fita nema suna barin jarirai a hannun juna. Dangin da ba su taho da su ba suka yi su a nan. Na fara kallon mutane a hanya ina lissafi. Mai gyaran mukayyif ɗin can ashe ɗan'uwan Abla ne na nono. Shi ya sa bai zo neman aurenta ba duk da kallon da na ga kamar yana yi mata.

Sabuwar manhajar tana da wata dabara da ta burge ni. Tana tara fuskoki. In ta ga mutum a hoto ɗaya sai ta nemo shi a sauran ta haɗa su wuri guda, ko yana yaro ko ya girma. Har yau ban san yadda take yi ba, kuma na so in sani. Na gwada ta da Khala, ta kawo mini ita da tabarau da babu, da ƙiba da rama. Wannan ya rage mana aiki sosai. Sai na danna fuskata don in ga abin da za ta yi da ni.

Ta kawo ni, ta kuma kawo ƙawata, a matsayin mutum ɗaya.

Ƙawar nan tawa 'yar telar mata ce da ke bayan gidan burodi, sa'ata ce, tare muka yi makaranta tun daga ajin farko. Ba wanda ya taɓa cewa muna kama. Ita doguwa ce, ni kuwa Allah ya taƙaita. Na yi ta dariya ina nuna wa Umma. Ita ba ta yi dariya ba. Ta matso da fuskarta ta kalli hotunan, ta koma kan kuɓewarta.

"Nono ba ya ƙarya," ta ce.

"Wane nono?"

"Ai ta sha."

Na saki linzamin. Ta ce wani azumi ne, muna jarirai, uwar ta bar mata ita ta tafi Harami yin ɗawafi, cunkoso ya riƙe ta. Yarinya ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Umma tana goyona, sai ta ba ta.

"Sau nawa?"

"Biyu. Ko uku. Wa yake ƙirge da jaririya tana shiɗewa a hannunsa?"

"To shi ke nan, 'yar'uwarmu ce. A sa ta a na Yaya da na Baba." Har na ji daɗi, don rabin hotunana tare muke, kuma na riga na ga yadda za a kwashe rayuwata duka a kulle a "Namu" saboda ita.

"A sa ta a namu," in ji Umma.

"Yanzu kika ce ta sha."

"A wajen malaman gida, can su Kano, ko sau ɗaya ne ya haramta aure. Malaman nan kuwa sun ce sai an ƙoshi sau biyar."

"To wanne muke bi?"

"Duka."

"Ba a bin duka, Umma. Ko 'yar'uwarsa ce ko ba ita ba ce."

"Ba zai ga kanta ba, don ƙila ba ita ba ce. Ba zai aure ta ba, don ƙila ita ce. Me ya yi wuya a nan?"

"An yi mata biyu babu ke nan."

"An yi mata me? Ta ce miki tana neman ɗaya daga ciki ne? Wuce na gaba, ya binti, magariba ta kusa."

Ban wuce a raina ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ana yanke hukunci a kan hoton mutum, da kan mutum, mai kan kuma tana bayan gidan burodi ba ta san ana yi ba. Ranar Alhamis na zura abaya, na sa laftof a jaka, na tafi gidansu. Uwarta tana falo da masu kawo ɗinki. Muka shige ɗaki, na buɗe mata.

Ta fi ni dariya da ta ga an haɗe mu. Ta ce manhajar makauniya ce, ina ni ina wuyanta. Muka yi ta kallo, ga mu a ranar gama makaranta, ga mu a bakin teku a Jidda da ice-cream ya zubo mata a riga, ga ta a ɗakina ta kwance kitso rabi tana harara ta. Sannan na faɗa mata maganar Umma, yadda aka faɗa mini, ban rage ba ban ƙara ba. Ni ban iya kwana-kwana ba.

Na zaci za ta rungume ni ta ce ashe 'yan'uwa ne mu. Sai ta shiga murza bakin mayafinta.

"Mama ba ta taɓa faɗa mini ba," ta ce.

"Ƙila ta manta. Ko ba ta ɗauke shi komai ba."

"Sau nawa Umma ta ce?"

"Biyu ko uku."

"Ba biyar ba."

"Ba biyar ba. Amma a wajen malaman gida..."

"Ni a nan aka haife ni," ta ce. "Ban taɓa zuwa gidan ba."

Na dube ta. Ta ƙi dubana, ta kafa ido a kan hoton da ke buɗe.

"To ya kike so a yi da hotunan? Naki ne. In kin ce 'yar'uwa ce ke, in koma in yi ta fama da Umma har ta yarda a sa su a na Yaya."

"A'a." Da sauri ta faɗa, sai kuma ta sassauta murya. "Ki ɓoye su. Duka. Ko ɗaya kar ya gani."

"Ko wanda kike da mayafi?"

"Wannan ki bari." Ta ɗan yi tunani. "Na bakin tekun. Ba wanda rigar ta ɓaci ba, ɗayan."

Ina da tambaya a bakina, kuma ni ba mai haɗiye tambaya ba ce. Ranar na haɗiye. Ta tashi ta ce bari ta kawo mana shayi, ta daɗe ba ta dawo ba.

A hanyar komawa na yi ta jujjuya abin. Shekara nawa tana zuwa gidanmu, in ta ji muryar Yaya a bene sai ta gyara mayafi ta yi shiru, ni kuma in ce mata munafuka. Ban taɓa kawo komai ba. Ban kuma san ko shi ya san da zancen ba, ko zancen ma akwai shi.

Da safiyar Juma'a na gama. "Namu" da "Na Baba" da "Na Yaya" na mayar da su cikin 'yar baƙar ma'ajiyar, na goge su daga laftof, na shiga kwandon sharar manhajar na sake gogewa, don Abla ta ce nan ma suna maƙalewa. Umma ta naɗe ma'ajiyar a ɗankwali ta sa a kwaba ƙarƙashin zannuwanta. Ta ce in Baba ko Yaya yana son ganin nasa ya zo ɗakin a buɗe masa, ya gani ya tashi. Abin da ya rage a laftof na kowa ne.

Yaya ya dawo daga masallaci, ya zauna a falo ya haɗa. Ba a daɗe ba hotuna suka fara sauka a wayarsa. Ya yi ta gangarawa da babban yatsa.

"Iyakarsu ke nan? Ina ce sun fi haka."

"Iyakar naka ke nan."

"Raguna da alhazai," ya ce. "Ke ma ba ki da yawa a ciki."

Ya ci gaba da gangarawa, ni kuma na zauna a hannun kujerar ina leƙe, ban ko ɓoye ba. Ya wuce Baba, ya wuce bikin Abla ɓangaren maza, ya wuce kansa a kan babur ɗin abokinsa. Da ya iso na bakin teku yatsan ya tsaya. Bai buɗe hoton ba, bai kuma wuce ba.

"Me kake nema?" na ce.

"Ba komai. Tashi mini daga kai."

Na tashi na shiga kicin. Umma tana juya miya. Na tsaya kusa da ita na ɗauki cokali kamar zan taya ta.

"Umma, ranar nan da aka bar miki ita. Ki tuna da kyau. Biyu ne ko uku? Ko dai kin ma manta ne, ɗaya ne?"

Ta rage wutar, ta juyo ta kalle ni tun daga sama har ƙasa.

"Wa ya aiko ki?" ta ce.